Duburar kaza ta fito bayan ta yi ƙwai, yaya ake mayar da ita?

Maman Sagarai:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah a taimaka mini da gaggawa. Ina da leyas, wato kaji masu ƙwai, guda 14 jajaye, ISA Brown, a bayan gida. Satinsu 21, kwana goma ke nan da suka fara ƙwai. Yau da hantsi na tarar da ɗaya a rakuɓe a lungu, wani jan nama kamar girman ƙaramin tumatir ya fito ta duburarta, ya kumbura, kashi ya manne a gashin wurin. Akwai ɗan jini amma ba zuba yake yi ba. Ƙwan da na ɗauka a gurbinta babba ne ƙwarai, da na fasa gwaiduwa biyu ce a ciki. Biyu daga cikin 'yan uwanta har sun fara bin ta suna kai mata sara a wurin, shi ya sa na cire ta na sa a kwali. Tana shan ruwa, idonta garau.

Abincinsu na buhu ne na masu ƙwai, amma ina haɗa shi rabi da rabi da dusar masara saboda tsada, ina kuma zuba musu ragowar tuwo da shinkafa. Fitilar sola tana kwana a kunne a ɗakinsu saboda ɓeraye. Maƙwabciyata ta ce in shafa jar kanwa da manja in tura, wani kuma ya ce in yanka kawai. Ana iya mayar da shi ya zauna? Kuma me zan yi kada sauran su bi sahu?

Mai Leyas:

Wa alaikumus salam Hajiya. Cire ta da kika yi shi ne babban aikin, domin fitar bayan ba kasafai take kashe kaza ita kaɗai ba, saran 'yan uwanta ne ke kashe ta. Kaza idan ta ga ja ba ta haƙuri, kuma da zarar sun ɗanɗani jini za su yi ta ja har su zaro hanji. Kada ki mayar da ita cikinsu ko na minti ɗaya.

Kanwa kuwa kada ta kusanci wurin. Abin da ya fito ba fata ba ne, naman ciki ne mai laushi irin na cikin baki, kanwa ƙona shi za ta yi. Haka nan Dettol, Izal, sipirit, aidin mai ƙarfi, kananzir, baƙin mai, barkono da toka, duk ki ajiye su gefe.

Yau za ki yi aikin, ba gobe ba, domin kowace awa naman ƙara bushewa yake da kumbura. Ki tafasa ruwa lita ɗaya (leda biyu ta fiya wata ke nan), ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, kusan giram 9, ki bar shi ya huce har ya zama ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Ki tanadi auduga ko tsumma mai laushi da aka wanke, sukari, almakashi, safar hannu ta roba, da abin santsi. Jelin K-Y na kemis ya fi, idan babu shi ki yi amfani da zuma mai kyau ko Vaseline fari wanda ba shi da turare. Ki yanke farcenki kaf.

Ki sami wanda zai riƙe miki ita. A naɗe fukafukanta da tawul, a ɗan rufe mata kai don ta natsu, a ɗaga bayan ya ɗan fi gaban tsawo. Kada a kife ta kai ƙasa ƙafa sama. Kaza a haka numfashi yana yi mata wuya, kuma abin da ke cikin maƙoƙonta zai iya dawowa ya shaƙe ta.

Ki tsoma bayan a ruwan gishirin minti goma zuwa sha biyar, kashin da ya bushe zai jiƙa ya saki da kansa. Kada ki ɓanɓare shi a bushe, zai taho da nama. Gashin da ya cukuikuye da kashi a kewayen ki rage shi da almakashi, ba tuge shi za ki yi ba.

Daga nan ki tsaya ki duba da kyau kafin ki tura komai. Ki taɓa naman a hankali, ki kuma taɓa cikinta tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura. Idan kin ji wani abu mai tauri zagayayye kamar ƙwai, to akwai ƙwai a hanya, kuma turawa a kansa ba za ta yi ba. Idan ƙwan yana cikin naman da ya fito, ki nemi ƙofar da ɓawon ke leƙowa, ki shafa santsi sosai, ki riƙa janye naman baya daga kan ƙwan kamar mai cire safa, har ya sulluɓo. Kada ki matse shi ya fashe a ciki, ɓawo yanka yake yi kamar reza. Idan ba ki ga ƙofar ba, kada ki yanka naman don ki fito da shi, wannan aikin likita ne. Tun da ta riga ta yi ƙwan yau, mai yiwuwa hanyar a buɗe take, amma ki duba dai.

In babu ƙwai, ki barbaɗa sukari a kan naman har ya rufe shi, ki bar shi minti sha biyar zuwa ashirin. Sukari yana tsotse ruwan kumburin, za ki ga ya jiƙe yana narkewa, naman kuma ya ɗan yanƙwane ya ragu. Ki wanke sukarin da ruwan gishirin, ki shafa santsi a yatsa da naman. Sai ki fara daga gefe, wato sashen da ya fi kusa da jiki, kina lallaɓa shi ciki kaɗan-kaɗan da tafin yatsa, ba da tsinin yatsa ba. Za ta yi nishi ta turo. Idan ta turo ki tsaya cak ki tare, idan ta saki ki ci gaba. Kada ki yi kokawa da nishinta. Bayan ya shige, ki bi shi da yatsa kamar gaɓa ɗaya don ya miƙe a ciki, kada ya zauna a naɗe a bakin ƙofa, domin wanda ya naɗe shi ne ke sa ta ji kamar akwai abin da ya saura ta sake yunƙuri. Ki zare yatsan a hankali, ki dafe bakin duburar da auduga mai ɗumi minti biyar zuwa goma. Za ki ji wurin yana tsukewa yana saki a ƙarƙashin yatsanki, alama ce mai kyau.

Ki tsane ta sosai, ki sake wanke duk wani ɗigon sukari ko zuma da ya taɓa gashinta, in ba haka ba cinnaka da kiyashi za su same ta cikin dare. Ki shimfiɗa mata tsohon zane ko buhu mai tsabta, kada ki sa ɓuntun shinkafa ko garin katako, mannewa suke yi a naman idan ya sake fitowa. Ki rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Ƙuda idan ya yi ƙwai a wurin, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito.

Saura abu mafi muhimmanci, wato tsayar da ƙwan. Kaza mai ƙwai kusan kowace awa 24 zuwa 26 take sako ɗaya, kuma kowane ƙwai zai sake turo abin da kika mayar. Ki ajiye ta a duhu awa 16, haske awa 8 kawai don ta ci ta sha. Ki janye abincin buhun na 'yan kwanaki, ki ba ta tsakin gero ko dawa kaɗan da ganye, ruwa kuma kada ya yanke.

Hajiyar Gona:

Malam ya gama bayanin mayarwa, ba ni da ƙari sai gyara biyu. Duhun nan a yi shi da lura. Kwali a rufe cikin ɗakin kwano a watan Afrilu tanda ne, kazar za ta mutu da zafi kafin bayan ya kashe ta. Keji ko babban kwando ya fi, a yafa masa buhun algarara ko baƙin zane ta sama da gefe biyu, a bar ƙasa iska na ratsawa, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. Na biyu, in an janye abincin buhu kada a janye sinadarin kalsiyam tare da shi. Gero da dawa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, ga shi akwai ƙwai ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, da suka riga suka kama hanya, dole ta yi musu ɓawo. Ki ajiye mata ɓawon kawa ko garin ƙashi na wajen masu sayar da abincin kaji a ɗan gwangwani daban. In babu, ki gasa ɓawon ƙwai a kasko har ya bushe ƙarau, ki daka shi ya zama tsaki-tsaki, ki ba ta kamar cokalin shayi ɗaya a rana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ƙanwata, sauran 13 ɗin. Manyan abubuwan da ke jawo fitar baya kin lissafa su da bakinki a tambayarki.

Ki san cewa kowace kaza idan za ta yi ƙwai, ƙarshen bututun ƙwan yana ɗan juyowa waje ya ajiye ƙwan, sannan tsoka ta ja shi ya koma cikin ɗan lokaci. Matsala tana zuwa ne idan ƙwan ya fi ƙarfin hanyar ya buɗa ta fiye da kima, ko tsokar ba ta da ƙarfin ja, ko kitse ya cushe wurin, ko wata ta kai masa sara kafin ya koma ya kumbura.

Ɗauki maganar dusa. Abincin masu ƙwai na buhu yana da kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari. Kaza irin taki tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, ke nan tana samun kusan giram 4. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cinye wajen giram 2, kuma ba duk abin da ta ci ne jikinta ke tsotsa ba, shi ya sa ake ba ta ninki. Dusar masara kusan ba ta da kalsiyam. Da kika haɗa rabi da rabi, kin mayar da giram 4 ɗin nan 2, tuwo da shinkafa kuma suka ƙara tsinka shi. Kazar ba za ta daina ƙwai nan take ba, daga ƙashinta za ta riƙa ciro abin ɓawo. Kuma kalsiyam ɗin nan shi ne tsoka ke aiki da shi wajen tsukewa, to tsokar da za ta mayar da bututun ita ma ta yi sanyi. Ga zafi, kaji suna rage ci suna haki, abin ya daɗa taɓarɓarewa. Na san buhu ya yi tsada, amma gara ki rage yawan kajin ki ciyar da goma yadda ya kamata da ki riƙe 14 a kan rabin abinci. Ki daina haɗin daga yau. Ragowar tuwo kada ya wuce ɗan abin marmari, shi ma bayan sun ci nasu. Ki ba su kaso mafi yawa na abincin da la'asar idan rana ta yi sanyi, ki ajiye ɓawon kawa mai tsaki-tsaki a mazubi daban, domin da dare ne ake gina ɓawo, kuma mai tsakin ya fi daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali.

Sai fitila. Tsawon haske shi ne ke gaya wa jikin sagara ta fara ƙwai. A ƙasarmu rana wajen awa 12 ce duk shekara, da ɗan ƙari ko ragi. Ƙa'idar ita ce ba a ƙara wa sagarai haske sai sun kai sati 17 zuwa 18 kuma nauyinsu ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, sannan a riƙa ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya kowane sati har a kai 16, a tsaya nan. Fitila mai kwana a kunne tana ingiza su su fara tun ƙugu bai gama buɗewa ba, tana kuma sa gwaiduwa biyu su sauko tare, irin ƙwan da kika fasa ke nan. Ba ta kuma barin su su huta, sai su yi ta tsangwamar juna. Kada ki kashe ta gaba ɗaya dare ɗaya, ki riƙa rage awa ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu zuwa uku har ki tsaya a 16. Ƙwan zai iya ɗan ja baya, kada ki damu. Ɓera kuma ba fitila ce maganinsa ba, kwashe abinci da dare da toshe ramuka da waya ne.

Ki duba gurbin ƙwai. Gurbi ɗaya ga kaza huɗu ko biyar, ke nan uku sun ishe ki, kuma su kasance da duhu, ki rataya musu ɗan labulen buhu a ƙofa. Kazar da ke ƙwai a fili cikin haske, 'yan uwanta suna ganin jan naman nan lokacin da ya leƙo, daga nan ake fara sara. Ki riƙa leƙa su da safe zuwa azahar, lokacin ne yawancinsu ke yi. Ƙwan da kika ga jirwayen jini a ɓawonsa, ki nemo wadda ta yi shi ki duba bayanta tun abin bai girma ba.

Yau da dare idan sun kwanta ki ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ki lalubi ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen dubura. Mai ƙwai lafiyayya yatsa biyu zuwa uku ke shiga tsakaninsu, cikinta kuma da laushi. Wadda kika ji ciki ya yi tauri da kauri kamar an cusa soso, kitse ne. Wadda kuma ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa, ramewa ce. Dukansu suna cikin haɗari.

Maman Sagarai:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Na yi yadda kuka ce. Babu ƙwai a ciki. Sukarin ya rage shi sosai, a karo na uku ya zauna. Amma da magariba da ta yi kashi ya sake leƙowa, sai dai bai kai na safe ba, kamar rabinsa, kuma har yanzu ja ne. Na sake mayarwa. Mai kemis ɗin dabbobi ya ba ni garin oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da shuɗin feshi. In fara ba ta? Kuma an ce ana ɗinke wurin, zan iya yi da zare da allura?

Likitan Dabbobi:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Sake fitowa a ranar farko ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne girma da launi, kuma naki duka biyun suna nuna alheri: yana raguwa, yana nan ja. Ki ci gaba da wankewa da mayarwa sau biyu zuwa uku a rana. Sukari sai in ya kumbura. Ki tabbata tana kashi, domin idan kashi ya daina fita ko farin nan na fitsari kaɗai ke ɗiga, to wani abu ya naɗe ko ya toshe a ciki.

Kafin ki buɗe ledar maganin nan ki yanke shawara ɗaya tukuna, domin a nan mutane ke yin asara biyu. Da zarar kin ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, namanta da ƙwanta ba na ci ba ne har sai kwanakin janyewa da aka rubuta a jikin ledar sun cika. Idan kin ba ta yau, jibi ta rikice, ba ki da kaza ba ki da nama. Saboda haka ki duba ta da idon basira yanzu. Idan naman ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, ya bushe kamar fata, ya yi sanyi ko yana wari, ya mutu ke nan, kuma mayar da mataccen nama ciki guba ce. Idan akwai yaga mai zurfi, ko kin ga wani abu dogo kamar igiya yana reto, hanji ne, ba ya gyaruwa a gida. A irin waɗannan a yanka ta nan take, barinta azaba ce kawai. Wadda aka yanka da wuri, tana da kuzarinta, ba ta sha magani ba, namanta lafiya lau ne, a yanke kewayen duburar a zubar da kayan ciki. Amma wadda ta kwana biyu tana zaune da ido a rufe, aka buɗe aka tarar da ruwa mai wari ko abu kamar dafaffiyar gwaiduwa a warwatse cikin ciki, kada a ci, a binne ta da zurfi.

Taki kamar yadda kika kwatanta, ja ne, ba yaga, tana sha, to tsabta ta fi magani muhimmanci, kuma za ki iya jinkirta shi. Idan saran da aka yi mata ya huda naman, ko wurin ya fara fitar da ruwa mai launi, sannan a ba ta, a bi awon da ke jikin ledar daidai, a cika kwanakin, kada a tsaya a rana ta biyu don ta warware. Kada kuma ki zuba wa sauran 13 a ruwansu, wannan ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Shuɗin feshin na fatar waje ne inda aka sare ta, yana kuma ɓoye jan da ke jawo sara. Kada ki fesa shi a naman da za ki tura ciki, busar da shi yake yi, sannan zai rufe miki launin da kike buƙatar gani. Man basir na mutane ma ki bar shi, da yawansu suna da maganin kashe zafi ko sitiroyid da jikin tsuntsu ba ya ɗauka da sauƙi.

Ɗinki kuwa kada ki gwada. Ta ƙofa ɗaya kaza ke fitar da kashi da fitsari da ƙwai. Likita yana sa ɗinki ɗaya ko biyu a gefen ƙofar don ya rage faɗinta, ya bar inda kashi zai wuce, ya cire bayan 'yan kwanaki. Idan aka tsuke da yawa kashi ya tsaya, idan kuma ƙwai ya sauko ya tarar da ƙofa a ɗinke, ko ya maƙale ko ya yaga wurin. Shi ya sa ko a asibiti sai an tabbatar babu ƙwai a hanya, kuma mai kazar yana dubawa safe da yamma. Idan ya kai kwana uku yana fitowa duk da mayarwa, ki kai ta asibitin dabbobi mafi kusa, ko ki yanka tun tana da nama a jikinta.

Ki kuma duba kashin sauran. Zawo mai daɗewa da tsutsar ciki suna sa kaza yawan nishi, su ma suna turo baya. Idan kin ga tsutsa ko an daɗe ba a ba su maganinta ba, a ba su, tare da lura da kwanakin janyewa na ƙwai. Idan kuwa kaji da yawa suka kama koren zawo lokaci ɗaya, ƙwai ya faɗi, wasu suna mutuwa, wannan wata magana ce daban, ki sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ba tare da jira ba. Ki riƙa wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, kuma kada yara su yi aikin.

Mai Leyas:

Na karɓi gyaran Hajiyar Gona kan kalsiyam. Abin da ya rage shi ne komawa cikin 'yan uwanta. Ki bar ta a ware aƙalla sati biyu, kuma sai ta yi kwana bakwai a jere babu abin da ya leƙo, babu ja, babu ɓawon ciwo. A sati na biyu ki fara mayar mata da abincin buhu kaɗan-kaɗan, haske kuma ki ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya duk bayan 'yan kwanaki. Ƙwai biyu ko uku na farko ta yi su tana ware, ki duba bayanta minti kaɗan bayan kowanne. In sun wuce lafiya, ki ajiye kejinta cikin ɗakin kwana biyu suna ganin juna ta waya, sannan ki sake ta da dare bayan an kashe fitila, washegari ki tsaya a kansu da safe. Ki ɗaura mata ɗan zare mai launi a ƙafa, ba ja ba, sako-sako, don ki gane ta cikin jajayen. Wadda bayanta ya taɓa fita ta fi sauran saurin maimaitawa, idan ya sake fitowa bayan duk wannan hutun, ki fitar da ita daga masu ƙwai.